Malamin Zaɓe: An Ɗora Masa Amana, An Bar Shi a Rana

 

Duk sa'ad da aka zauna zancen gyaran zaɓe a Najeriya, hankalin jama'a sama yake tafiya. Sai ka ji ana tambayar wa za a naɗa shugaban hukumar zaɓe, wane sashe na doka za a gyara, wace na'ura za a sayo, me Kotun Ƙoli za ta ce. Tambayoyi ne masu nauyi, ban raina ko ɗaya ba. Amma yau ina so mu sauko ƙasa, mu je bakin akwati, inda wani saurayi ko wata budurwa ke zaune kan bencin firamare da tarin takardu a gaba, ga layin mutane ɗari biyar suna jira rana na dukansu. Shi ne malamin zaɓe. Abin da na zo in kafa hujja a kansa shi ne cewa ingancin zaɓe ba zai taɓa wuce ingancin aikin wannan mutum ba, kuma duk da haka shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a cikin tsarin gaba ɗaya: horonsa gajere, kuɗinsa kaɗan kuma a makare, tsaron ransa kuwa sai abin da Allah Ya yi.

Mu fara da girman aikin. Kafin 2021 rumfunan zaɓe 119,974 ne a ƙasar nan. A waccan shekara hukumar INEC, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ta ƙara wasu 56,872, jimla ta zama 176,846. Kowace rumfa tana buƙatar mutum huɗu, shugaban rumfa da mataimakansa uku. In ka yi lissafi za ka sami mutum 707,384, ban da masu sa ido a kansu, da masu tattara sakamako a mazaɓu 8,809 da ƙananan hukumomi 774. Ma'aikatan dindindin na hukumar ba su kai ko kusa da wannan adadi ba, saboda haka ranar zaɓe aikin yana hannun ma'aikatan wucin gadi ne: matasa masu yi wa ƙasa hidima, da waɗanda suka gama hidimar, da ɗaliban manyan makarantun gwamnatin tarayya. Masu rajista fiye da miliyan 93 da aka ƙidaya a 2023, kowanensu in ya fito, ta hannun ɗaya daga cikin waɗannan zai bi kafin ƙuri'arsa ta shiga akwati.

Jama'a da dama suna ɗauka aikin bai wuce miƙa takarda da shafa tawada a yatsa ba, don haka bari mu bi shi daki-daki. Tun daren jajibiri malamin zaɓe yake barin gida ya tafi sansanin mazaɓa, wanda galibi ajin makaranta ne, a can zai kwana, in ya sami wurin shimfiɗa. Da asuba a raba kaya: akwatuna, rajistar masu zaɓe, na'urar tantancewa ta BVAS, takardun ƙuri'a masu lamba, hatimi, tawada, takardun sakamako. Sai ya jira motar haya da hukuma ta yi yarjejeniya da ƙungiyoyin direbobi su kawo, wadda in ta makara shi za a zaga. Ƙa'ida ta ce ƙarfe takwas da rabi a fara. Zai ɗaga akwati ya nuna wa kowa babu komai a ciki, sannan ya rufe. Zai tsara layi, ya sa tsofaffi da masu juna biyu da masu buƙata ta musamman a gaba, a wuraren da al'ada ta buƙaci haka ya raba layin mata da na maza. Duk wanda ya zo sai an duba katinsa, na'ura ta tantance yatsansa ko fuskarsa, a nemo sunansa a rajista a yi alama. Kowace takardar ƙuri'a kuma sai shugaban rumfa ya juya bayanta ya buga hatimi, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. Ranar zaɓen shugaban ƙasa takardu uku kowane mutum yake karɓa, ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Rumfar da mutum ɗari huɗu suka fito, sa hannu dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan daga hannu guda, ga ejan-ejan na jam'iyyu a kansa kowa na faɗin tasa. Ƙarfe biyu da rabi a tsayar da shiga layi, amma duk wanda ke ciki sai ya jefa tasa. Daga nan a juye akwati, a ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, a fitar da waɗanda suka lalace, a ƙirga da babbar murya. Sau da yawa magariba ta riga ta yi, da fitilar waya ake ƙarasawa. A wannan hali na gajiya da yunwa zai cike fom ɗin sakamako na EC8A da alƙaluma da kalmomi, ya tabbatar lissafin ya daidaita da abin da na'ura ta tantance, ejan-ejan su sa hannu, ya ba kowa kwafinsa har da ɗan sanda, ya manna na jama'a a bango, ya ɗauki hoton takardar ya tura, sannan ya rungumi kayansa cikin dare zuwa wurin tattara sakamako.

A wannan jerin aiki babu mataki ɗaya da kuskure a cikinsa ba zai iya girgiza jiha ba, kuma mutanen Kano shaida ne. Ran 20 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓen gwamna ta cire ƙuri'u fiye da dubu 165 daga na Gwamna Abba Kabir Yusuf, bisa hujjar cewa babu hatimi ko sa hannu ko kwanan wata a jikinsu, ta ce Nasiru Yusuf Gawuna ne ya ci. A daren har dokar hana fita aka sa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta tsige gwamnan a watan Nuwamba, sai ran 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un ta tabbatar masa da kujerarsa. Ban kawo wannan don in goyi bayan wani ɓangare ba. Ko wanne mutum yake so a cikinsu, ya kamata ya lura cewa kusan wata huɗu jiha mai miliyoyin mutane tana zaman ɗarɗar a kan tambayar ko an buga hatimi a bayan takarda, aikin daƙiƙa uku da ke hannun malamin zaɓe. Haka batun aringizo yake. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce in ƙuri'un da aka jefa a rumfa suka fi adadin waɗanda aka tantance, a soke sakamakon rumfar. Ke nan idan mataimaki ɗaya ya bar mutum biyar suka wuce ba tare da na'ura ta tantance su ba, ko don tausayin tsoho da yatsansa ya ƙi hawa, ko don an matsa masa, wahalar duk waɗanda suka wuni a layi ta tashi a banza.

To, mutumin da aka ɗora wa wannan nauyi, me aka tanadar masa? Horo na 'yan kwanaki ana gab da zaɓe, a ɗakin da ya cika maƙil, inda na'urori kaɗan ke zagaya hannun mutane masu yawa, har wani ya gama bai taɓa ta da kansa ba sai safiyar zaɓe a gaban jama'a. Makwanci kuwa, waɗanda suka ga hotunan daren 15 ga Fabrairu 2019 ba za su manta ba: 'yan hidimar ƙasa kwance a filin Allah da barandar ofisoshi, sun yi matashi da jakunkunansu, sannan cikin tsakar dare aka sanar cewa an ɗage zaɓen zuwa 23 ga wata. A 2023 kuma zaɓen ya faɗo cikin ƙarancin takardun naira da wahalar man fetur, direbobi suna neman tsabar kuɗi, kaya suka makara a wurare da yawa. Da yamma aka shiga matsalar tura sakamakon shugaban ƙasa zuwa IReV, shafin intanet na hukumar. Daga baya hukuma da kanta ta ce tangarɗar daga na'urorinta na can sama take, amma a lokacin wanda jama'a suke gani a gabansu shi ne yaron da ke riƙe da BVAS yana ta dannawa abu ya ƙi tafiya, kuma shi aka kewaye ana ce masa ɓarawo. Bayan an watse sai jiran alawus, wanda kusan kowane zagaye sai an ji ma'aikatan wucin gadi sun taru a ƙofar wani ofishin hukuma suna neman haƙƙinsu. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: waɗannan dubban ɗaruruwa, da jami'an tsaro da ke tare da su, yawancinsu ba su jefa ƙuri'a a 2023 ba, domin an tura su nesa da inda suka yi rajista. Ghana ta daɗe da warware wannan, tana ware wa ma'aikatan zaɓe da jami'an tsaro da 'yan jarida rana ta musamman kafin ranar kowa.

Batun rai ya fi duk waɗannan nauyi, kuma a nan mu mutanen Arewa ba mu da damar kau da kai. Ran 8 ga Afrilu 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja, ana tsakiyar shirin zaɓen washegari, ya kashe mutane ciki har da masu yi wa ƙasa hidima da suka je duba inda aka tura su. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilun 2011 rikici ya ɓarke a jihohin Arewa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum fiye da 800 sun mutu. A jihar Bauchi an kashe 'yan hidimar ƙasa wajen goma. 'Ya'yan mutane ne da ƙasa ta turo mana. Ba su tsaya takara ba, ba su sanar da sakamakon ƙasa ba, laifinsu kawai an gan su da kayan hukuma. A 2016 an sake kashe wani a zaɓen da aka maimaita a jihar Ribas. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana: ran 21 ga Fabrairu 2021, ranar zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ma'aikatan hukumar zaɓe ta CENI bakwai suka rasu a yankin Tillaberi da motarsu ta taka nakiya. A tuna kuma ɗan sandan da ke tsaye a rumfa bisa ƙa'ida ba ya riƙe bindiga. Dalilin haka mai kyau ne, don kada a firgita masu zaɓe, amma ma'anarsa ita ce idan 'yan daba suka dira, babu abin da ke tsakanin malamin zaɓe da su sai mutanen unguwar.

Na san akwai masu cewa na kama reshe na bar tushe, domin babban maguɗi a wurin tattara sakamako ake yinsa, inda manya suke. Suna da hujja. Farfesa Peter Ogban, wanda kotu a Akwa Ibom ta ɗaure shekara uku a 2021 saboda sauya alƙaluman zaɓen sanata na 2019, baturen zaɓe ne, ba yaron rumfa ba. Abin da ya faru a Adamawa ran 16 ga Afrilu 2023, da kwamishinan zaɓe na jiha ya tashi ya sanar da wanda ya ci ana tsakiyar tattarawa har hukuma ta soke sanarwar, shi ma a sama ya faru. Sai dai a tambayi kai, da me ake kama mai sauya alƙaluma? Da takardar rumfa ake kama shi. Fom na mazaɓa daga EC8A ake kwafo shi, na ƙaramar hukuma daga na mazaɓa, haka har sama. Idan ta farkon ta fito tsaf, ba kankare, ejan kowace jam'iyya na da kwafinsa, hotonta na intanet, to duk wanda ya taɓa lissafi a gaba ya bar sawu. Idan kuwa ta fito da gyare-gyare, ba sa hannu, jimla ba ta haɗu ba, an buɗe wa mai mugun nufi ƙofa ya “gyara” yadda yake so, kuma mai ƙara ya rasa abin riƙewa, tunda kotunanmu sun daɗe suna cewa wanda ke zargin maguɗi sai ya tabbatar da shi rumfa-rumfa. Saboda haka wannan suka, in aka bi ta zuwa ƙarshe, ƙarfafa maganata take yi.

Wata sukar ta fi ɗaci. Ana cewa su ma malaman zaɓen ba waliyyai ba ne, akwai masu karɓar na goro su kau da kai ana dangwale, akwai waɗanda tun asali 'yan jam'iyya ne aka cusa sunansu a daren jajibiri a madadin waɗanda aka horar. Gaskiya ne, yana faruwa, kuma ba na neman a yafe wa kowa. Doka ta 2022 ta tanadi tarar da za ta iya kai naira dubu 500 ko ɗaurin aƙalla wata shida ga shugaban rumfar da ya karya ƙa'idar ƙirga da rubuta sakamako da gangan, kuma ya dace a riƙa zartar da irin wannan hukunci a gani. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka ɗauki matashi ka kai shi garin da bai san kowa ba, bai ci abincin kirki ba tun jiya, kuɗin motar komawa ma bai tabbata ba, sannan mutum na farko da ya kawo masa ruwa da abinci da alkawarin raka shi gida lafiya ya zama ejan ɗan takara. Wa ya miƙa shi? Tsarin da ya ƙi ciyar da ma'aikacinsa ya bar wa ɗan siyasa ya ciyar da shi, kuma kowa ya san mai ciyarwa yana da ta cewa. Hukunci kuma ya hau har kan mai bayarwa. Tun 2008 kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu laifin zaɓe, aka yi zaɓen 2011 da 2015 da 2019 da 2023 ba a kafa ta ba. Muddin mai sayen malamin zaɓe ya san ba abin da zai same shi, ɗaure yaro ɗaya ko biyu ba zai rufe kasuwar ba.

Masu dogaro da na'ura kuwa amsarsu gajera ce. An kawo na'urar karanta kati a 2015 zamanin Farfesa Attahiru Jega, aka kawo BVAS a 2021, kuma kowacce ta rage wata ɓarna, musamman cusa ƙuri'un mutanen da ba su zo ba. Amma na'ura ba ta kai kanta ƙauye, ba ta ɗaukar hoto da kanta. Duk ƙarin fasaha ƙarin abin da malamin zaɓe zai koya ne cikin kwanakin nan 'yan kaɗan.

Sukar da na fi girmamawa ita ce ta iyaye, waɗanda tun bayan 2011 suke cewa a cire 'ya'yansu daga wannan aiki, hidimar ƙasa da Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973 ba don a kai yara bakin mutuwa aka yi ta ba. Uwar da ta faɗi haka ba wanda zai ce ta yi kuskure, kuma ina ganin bai halatta a tilasta wa kowa ba, ko a fili ko ta hanyar tsoratarwa. Amma mu tuna dalilin da ya sa aka koma gare su. A da malaman makaranta da ma'aikatan jiha da na ƙaramar hukuma ake ɗauka, mutanen da albashinsu da ƙarin girmansu da canjin wurin aikinsu ke hannun gwamna ko ciyaman da ke takara. Irin wannan ma'aikaci, ko yana da gaskiya, ya san gobe zai koma ofis. Ɗan hidimar ƙasa baƙo ne, ba ya cin albashin gwamna, ba shi da ɗan'uwa a cikin 'yan takara, bayan 'yan watanni zai tafi. Baƙuncinsa shi ne amfaninsa, kuma shi ne rauninsa. In aka cire shi an mayar da akwati hannun masu mulki. Abin da ya rage shi ne a riƙe shi, a biya farashin riƙe shi.

Farashin kuwa bai fi ƙarfin ƙasar da ta ware wa hukumar zaɓe naira biliyan 305 don zaɓen 2023 ba. A fara horo da wuri, a ƙananan rukunoni, kada a ba kowa rumfa sai ya kunna na'ura da hannunsa ya cike fom ɗin gwaji an duba. A ajiye sunayen waɗanda suka yi aiki mai kyau a sake kiransu, maimakon kowane zagaye a fara daga sifili. A manna sunayen ma'aikatan kowace rumfa kwanaki kafin zaɓe yadda musanyar dare za ta yi wuya. Kuɗin abinci da na mota su shiga asusun mutum kafin ya bar gida, sauran kuma a sa masa ranar biya a rubuce. Sansanin mazaɓa ya zama da tabarma da ruwa da haske da makewayi, mata da wurinsu daban. Inshorar da ake cewa an yi musu, a ba kowa takardarta a hannu ya san abin da iyalinsa za su nema in wani abu ya faru. A kuma ba su ranar jefa tasu ƙuri'ar.

Wannan na hukuma ne da majalisa, kuma sai mun matsa za su yi. Amma akwai kason da ba ya jiran kowa. Mun saba da kiran a kasa, a tsare, a raka, kuma kira ne mai kyau, domin idon jama'a a kan akwati yana hana ɓarna. Sai dai tsarewar ta haɗa da mutumin da ke riƙe da akwatin. Ina roƙon masu unguwanni da dagatai da limamai da shugabannin matasa da ke wannan zaure, kafin zaɓe mai zuwa ku zauna da ejan-ejan na duk jam'iyyu a unguwarku, ku yi magana ɗaya cewa ma'aikatan da za a turo baƙin unguwa ne. Ruwansu da abincinsu ya fito daga hannun mai unguwa a bainar jama'a, kada ya fito daga gidan ɗan takara. In na'ura ta ƙi aiki, dattawa su tsaya kusa da su har a kira mai gyara. Mai ƙorafi a kan ƙirga ya faɗa a sake ƙirgawa a gaban kowa, ejan ɗinsa ya karɓi kwafinsa ya kai gaba, kada a ɗaga wa yaron mutane hannu. In an gama kuma, mutanen unguwa na kowace jam'iyya su raka su har wurin tattara sakamako, su tabbatar sun shiga lafiya kafin kowa ya koma gida.